Motar da Ba Ta Ɗaukar Buhu

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli,
ina gaya wa 'yan lakwal: abu sai da amfani.
Ban yi wata biyu da ajiye allin ba
magadan Alhaji Barmo suka kira ni lissafin mangaza.

Can ƙurya, bayan ruɓaɓɓun buhunan gyaɗa,
ƙarƙashin tamfol da ɓera ya mai da rariya,
tana durƙushe bisa tayoyi huɗu da suka sace.
Ja ce, jan goron da ya sha iska.
Kujera biyu tak. Babu rufi.
Kaza ta saka ƙwai bakwai a mazaunin direba.
Wai wani Nasara mai awon gyaɗa ya bar ta a bakin bashi
tun ina goye.

Na manta da lissafin.
Ranar kasuwa na kaɗa bijimaina biyu.

Tsahara ta riƙe haɓa:
"Mushe, tsufa ne ko taɓuwa?
Ba ta ɗaukar buhu, ba ta kai jikoki suna,
hadari ya taso, kai da ita kun zama ƙwaryar tarbe."
Ban tanka ba. Ai gaskiya ta faɗa.

Hankurau bakanike ya zagaye ta sau uku,
ya leƙa cikinta, ya tsuke baki:
"Wannan ba gyara ba ne, tonon kabari ne."
Amma washegari ya riga ni zuwa.
Wata tara muna kwance a ƙasa, baƙin mai har gira.
Kafireta daga Kwatano,
fitila ɗaya daga Kano, 'yar'uwarta har yau tana hanya.
Kujerun kuwa, baduku ya sa musu fatar jar akuya,
tamu ta Maraɗi, mai laushin kunnen jariri.

Wata Laraba bayan la'asar ta yi tari.
Ta yi shiru.
Ta sake tari, ta tofar da hayaƙin shekara hamsin,
sannan daga can ƙasan ƙirjinta ta yi gurnani,
awakin Sabon Gari suka watse,
Hankurau ya juya baya, wai hayaƙi ya shigar masa ido.

Da asuba, bayan ruwan dare, na kama hanyar Madarumfa.
Kamu ɗaya ne tsakanina da kwalta.
Sitiyarin katako na rawa a tafina kamar wuyan ƙosasshen rago,
giya ta uku sai da lallashi,
birki sai ka yi masa sallama tun daga nesa.
Gero ya fid da kai, dama da hagu yana sunkuya mini,
ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga ta baki ta hanci.
Hulata ta tashi kafin gada.
Ban tsaya ba. Wani ne ke ihu cikin motar,
sai da na saurara na gane muryata.

Jandarma ya ɗaga hannu, na laluba takardu.
Ya ce, "Bar su, Baba. Taka ta in ji."

Ba kullum take yarda ba.
Sau biyu ta mutu mini a Tibiri,
sau ɗaya amalanken shanu ya jawo mu gida,
ina zaune a ciki, ina amsa gaisuwar masu dariya.
Tana shan mai kamar raƙumin da ya fito daga Azbin,
kuɗin fanshona ba ya ganin ashirin ga wata.

Jiya ina goge mata goshi da tsohon rawani,
na ji ƙofar dama ta yi ƙara.
Tsahara ce, ta ɗaure gyale tam a ƙarƙashin haɓa,
ta zauna, tana kallon gaba, ba ta dube ni ba.
"Kifi nake so, na bakin tafki."

Mun wuce gulbi, ba ta ce uffan ba.
Sai da wata tirela ta tare mana hanya
ta dafa gwiwata:
"Mushe, haka za mu yi ta bin bayan wannan?"