Jan Karan Dafi

Shekara talatin da 'yan kai ina noma karan dafi
a gefen gonar dawa, yamma da Kyarama.
In ɓare ɓawon, in shanya a kan soro,
in ɗaure dami-dami, in kai wa dukawa ran kasuwa.
Ban taɓa tambayar jan nan daga ina ya fito ba.
Wa ke tambayar rijiya inda ta samo ruwa?

Sai bana Uwale ta zo hutu daga Dutse,
'yar ƙanena, mai karatun tsirrai.
Ta biyo ni gona, raɓa ta jiƙa mata zane,
ta tsuguna, ta juya ganye guda:
"Baffa, dubi inda tsutsa ta ciza.
Dubi inda fumfuna ta so ta kama.
Ka ga jan ya fi duhu a bakin raunin?"
Na duba. Wallahi haka yake.

Ta ce cikin ganyen akwai ma'aikata,
ido ba ya kai musu, inzayim ake ce da su.
Wannan ya datse, ya miƙa wa na gaba,
wancan ya lanƙwasa ya mai da shi zobe,
wani ya ɗan taɓa gefe, sai launi ya tashi.
Na ce, "Ai majemar su Jatau ke nan:
mai jiƙa fata daban, mai karce gashi daban,
ga mai tsoma ta a ruwan bagaruwa."
Ta ce, "Bagaruwar ma da nata ma'aikatan,
baurin nan don bakin ƙwaro aka dafa shi."

Ta faɗi sunan abin da suke haɗawa,
filabonoyid.
Sau uku ina gwadawa, harshena ya ƙi.

Da dare na kasa barci.
Akuya in ta ji kura sai ta zura,
zabo ya tashi, damo ya faɗa rami.
Ita shuka inda na binne ta nan za ta tsaya,
ba ƙafa, ba ƙaho, ba bakin neman agaji.
Da rana da ruwan sama take ƙera makaminta
shiru, ba a jin ƙarar uwar maƙera.
Ɗacin darbejiya, ashe gargaɗi ne.
Ni kuwa duk shekarun nan
na zaci ado take yi mini.

Ran kasuwa Ɗan'azumi baduku ya ɗaga dami,
ya shinshina, ya yatsine fuska:
"Wannan kuɗi a kan ɓawon kara?"
Na buɗe masa tafina, ja har cikin zanen hannu.
Na ce, "Ba ɓawo kake saye ba,
yaƙin damina guda ne, kuma ita ta ci."
Ya dube ni kamar na sha wani abu.
Bai gane ba,
amma ya ƙara ɗari biyu.