Rawa Babu Kiɗa

Hanci ne ya fara tafiya, ba hannu ba.
Na zuba daddawa har ta gaida maƙwabta,
ka ɗaga murfi ka ce, Kulu, yau lami kika yi?
Kai da kake shinshina kirgi ido rufe
ka faɗi majemar da ta jeme shi,
ran nan bagaruwa ta daina yi maka magana,
ni ko na ɗauka mura ce mai wucewa.

Sai babban yatsa ya kama murza ɗan'uwansa
kamar mai jan tasbahar da babu mai ganinta.
Ka danne shi da cinya. Ka ɓoye shi a aljihu.
A Shiyar Madunka zance ba ya kwana:
wani ya ce iska, wani ya ce jifa,
gwaggonka Tumba ta aiko da ƙullin hayaƙi,
muka turara ɗaki har bango ya yi baƙi,
hannun bai ji kira ba, sai ƙaruwa.

Likitan asibitin koyarwa ya ce ka taka zuwa ƙofa ka dawo.
Ya dubi hannun daman da ya daina lilo,
ya kira sunan: Fakinsan.
Na yi ta maimaita shi a bayan ɗan kabu-kabu
don kada ya zube mini a hanya.
Ya ce ana lallashinsa, ba ya warkewa.

Yanzu ni ce agogon gidan nan.
Ƙwaya ɗaya bayan asuba, sai jira,
gwargwadon dahuwar kunu da hucewarsa,
sannan jikinka ya saki kamar akuyar da aka kwance daga turke.
Sa'a uku aka ba mu aro.
A cikinsu kake komawa Arzika baduku,
basilla ta huda jar fata inda ka nufa,
zare ya bi ta kamar ɗa bayan uwa.
In kana ɗinki hannun kan yi ladabi,
sai ka aje aiki ya tuna da rawa.

Na koyi zura zare, na koyi riƙe bakin fata.
Tim-tim ɗin kwana biyu yanzu mako yake ci.
Ɗinkinka ya ƙanƙance kamar sawun tururuwa,
Jaɓɓi dillali ya juya shi a rana,
ya ce wannan ya fi na da, ya ƙara ɗari biyar.
Ba mu faɗa masa dalili ba.
Kuɗin ma kemis suka tafi, ko zama ba su yi ba,
kwalin magani kullum farashinsa hawa.

A bakin zaure ƙafarka kan kafe
kamar ƙasa na bin ka bashi.
Na ja layi da gawayi na ce, tsallaka.
Ka tsallaka.
Jikarmu Ige ta zaci 'yar gala-gala ce,
ta zana maka gidaje har bakin randa,
ka bi su ɗaya-ɗaya, tana tafi tana tsallen murna da sowa.

Ba zan ɓoye ba, na yi maka tsawa ranar Laraba,
koko ya zube a riga karo na uku
ga wanki ga ruwan da sai an saya.
Fuskarka ba ta motsa ba, ta daɗe da rufe shago.
Idonka ne ya amsa.
Na shige madafa na ɗora wa hayaƙi laifi,
alhali ko wuta ban kai ga hurawa.

Daren bazara, ba wuta, mun shimfiɗa a tsakar gida.
Hannunka a bayana yana ƙwanƙwasawa a hankali
kamar baƙo mai kunyar sallama.
Shekara talatin da ɗaya, ina kake son shiga kuma?
Barci ya ɗauke ka, ya yi shiru.
Ni kuma shirun ne ya hana ni runtsawa.

Gobe akwai gafaka biyu da ba a sa wa maɗauri ba.
Na aje ƙwayar a murfin kwano kusa da buta,
na zura allura uku tun da sauran haske,
don kada sa'a ukunmu su tafi a neman kafa
kafin rana ta kai ga ɗagawa.