Ranar da Aka Ja Garinmu

Ba wanda ya zaɓi wurin.
Gatarin amalanke ne ya karye a bakin rafi,
kakana Absalom Tolliba ya sauka, ya dubi gabas, ya dubi yamma,
ciyawa ce kawai har inda ido ya gaji.
Ya ce wa matarsa: sauke tukunya.
Haka aka yi gari a Nebaraska.

Babu itace, sai suka yanki ƙasa da saiwoyinta,
suka jera kamar tubali.
Rufin ɗaki ya yi fure da bazara,
maciji ya faɗo kusa da kwanon miya har sau biyu.
Busasshen kashin ɓauna ne makamashi,
ita kuwa ɓaunar ta zama ƙasusuwa fari fat a fili,
mutanen da suka fara raɗa wa rafin suna
an kora su arewa, sun tafi da sunan a bakinsu.

Sai shanu suka ɓullo daga kudu,
ƙahonsu kamar mai buɗe hannu zai rantse,
Eusebiyo na binsu da igiya a kafaɗa,
yana yi musu magana da yaren da su kaɗai ke amsawa.
Kafin in yi wayo mun kai gida sha ɗaya,
da maƙera, da kantin gwauruwa Solbeg,
da cocin katako mai ƙararrawar aro,
da kabari bakwai a kan tudu, huɗu gajeru.

Masu awo suka zo da sarƙa da turaku.
Muka yanka musu maraƙi.
Suka ci, suka suɗe hannu, suka yaba miya,
suka je suka kafa turakun mil biyar kudu da mu.
Wai jirgi ba ya son hawa,
kuma ƙishirwarsa tana da lissafi:
inda tanki ya tsaya, nan kasuwa za ta ci.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.
Ɗakin ƙasa ba ya tafiya, aka bar wa iska.
Na katako aka ɗaga, aka zura gungume a ƙasa,
bijimi sha shida a gaban coci,
ƙararrawa na kaɗa kanta duk tsawon hanya
kamar mai kiran ibadar da ba ta da ranar tashi.
Uwata ba ta ko kashe murhu ba.
Ina ta taga, shekarata tara,
gidanmu na tafiya, wake na tafasa,
kaji na biye da mu, sun rasa gane wa ya ɓata.

Kakata Hepsiba ce ta ƙi.
Ta ce: wa zai ja tudun?
Ta zauna da akuya biyu da bindigar da ba ta tashi,
duk Lahadi ina kai mata gishiri da labari,
ba ta taɓa tambayar kamannin jirgi ba.
Kukansa dai, in ji ta, na iso mata da dare
kamar saniyar da aka raba da ɗanta.

Sabon garin an sa masa sunan surukar wani akawu
da ba ta taɓa taka nan ba.
Mun loda shanu a tarago shekara arba'in,
yau jirgin wucewa yake, ko gaisuwa babu.

Jiya jikana ya kai ni kufai.
Ɗakunan sun koma ƙasar da aka yanko su,
albasar kakata ce kawai ke fitowa ba da izinin kowa ba.
A kan tudu kabari tara ne yanzu.
Na ƙarshen ba shi da dutse,
karyayyen gatarin nan aka kafa mata,
ya yi tsatsa, amma yana tsaye.