Littafin Bashi na Suwame

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina rubuta ciwon motoci biyu
a littafin bashi mai shuɗin bango
wanda baƙin mai ya cinye gefensa.

Ta Hajiya Lantana ta teku ta zo.
Daga Tema aka koro ta cikin dare,
fara sol, da ƙamshin gidan da ba mu sani ba.
Na ɗaga kujera, na tsinci safar hannun yaro,
ja, ta ulu, wari ɗaya.
Na kwanta ƙarƙashinta, na tarar gishirin ƙasar sanyi
ya riga ni fara aiki.

Ta Malam Gariba a nan aka haɗa ta,
sabuwa dal, da leda a kujeru.
Ya ce kuɗin fanshonsa ba zai haye ruwa ba.
Wata na huɗu, mariƙin ƙofa ya biyo hannunsa.
Muka yi dariya har mai koko ta leƙo.

Shafin Malam da wuri ya cika:
gilashi ya ƙi sauka,
fitila ta kanne ido ɗaya,
ga wata ƙara a bayan sitiyari
da har yau ban san mahaifarta ba.
Amma duk abin da ta nema,
in na aiki Fuseini layin 'yan kayan gyara,
kafin shayina ya huce ya dawo.
In babu, Ofori ya hura wuta ya ƙera.
Ba ta taɓa kwana biyu a hannuna ba.

Shafin Hajiya fari fat, shekara shida.
Juyen mai, birki, taya. Shi ke nan.
Ta je Tamale ta dawo, ta je Bawku suna,
injin na magana ƙasa-ƙasa
kamar mai gaida surukai.
Sai wata Laraba, a cunkoson Kejetiya,
ta yi gum.
'Yar na'ura ce, ba ta kai ɓarin goro ba.
Na bi Magajin rumfa-rumfa, babu.
Na buga waya Abose Okai, aka ce sai jirgi ya zo.
Wata uku tana gindin mangwaro,
kaza ta yi kwanci a mazaunin direba,
Hajiya na rataye jaka tana tsaida tirotiro,
in na gaishe ta, da ka take amsawa.

Duk Juma'a, bayan an sauko,
su biyun sai sun biyo ta nan.
Malam ya ce: tawa ba ta taɓa yashe ni a hanya ba.
Hajiya ta ce: tawa ba ta mayar da ni 'yar gidan makanike ba.
Su juyo: Mutari, kai ne alƙali.
Ni kuwa na haɗa lissafin sau uku,
tazarar ba ta kai kuɗin rago ba,
kuma kowane haɗi, ragon na sauya gida.

Bara injin Malam ya buga a hawan Mampon.
Wanda na sa masa, ta Tema ya shigo,
ɗan uwan na Hajiya ne, uwa ɗaya.
Ita kuwa gishirin nan ya gama aikinsa,
ƙafarta ta kusa taɓa kwalta.
Ƙasan motar, salansa, ƙarafan baya,
duk Ofori ne ya buga su a nan, da guduma.

Yanzu in sun fara, sai in ce su nuna mini
wacce ce 'yar gida.
Malam ya dubi injinsa, ya gyara hula.

Safar nan tana aljihun tebur.
Yatsuna biyu kawai take ɗauka.
Da ita nake kwance murfin lagireto
in mota ta shigo da zafi.