Fiton Kaka Okryon

Ƙarfe bakwai a gaɓar Jeju,
duwatsu baƙi ƙirin kamar gawayin da aka manta.
Kakata Okryon ta goge gilashin fuskarta da ɗanyen ganye,
ta ɗaura dalma a ƙugu,
ta shiga teku kamar mai shiga ɗakinta.
Shekararta saba'in da huɗu.
Ni ina kan dutse da littafin makarantar jinya,
jarrabawa saura kwana tara.

Littafin ya ce in ruwan sanyi ya mari fuska
jijiya ba ta jiran izini.
Kafin ƙiftawa saƙo ya isa ƙeya,
ƙeya ta ce wa zuciya: sassauta, tafiyar da nisa.
Jini ya janye daga yatsu,
ya bar hannu da ƙafa da haƙuri,
ya taru inda rai ke ajiyarsa.
Har saifa, da ba wanda ke gaishe ta,
ta matse kanta ta ba da rance.

Na ja layi a ƙarƙashi. Na ɗaga kai.
Gorar Kaka na rawa a kan ruwa, ita kaɗai.

Manzanni biyu ne, in ji shafi na gaba.
Ɗaya walƙiya ne,
ya faɗi kalma guda ya ɓace.
Ɗayan, homon, ba ya gaggawa:
wasiƙa ce aka jefa a kogin jini,
ta wuce ƙofa dubu,
gidan da ke da sunan kaɗai zai karanta.
Ita ke ce wa ƙoda, riƙe ruwa, yau akwai ƙishi.
Ita ke ce wa hanta, buɗe rumbu, suga ya yi ƙasa.

Na ƙirga sittin. Ban ga kai ba.
Saba'in.
Tamanin da biyar.

Littafin ya zame daga cinyata.
Bakina ya bushe ƙamas, tafina ya jiƙe,
zuciya na dukan haƙarƙari kamar mai bin bashi.
Wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune bisa ƙodata
sun tuttulo abin da suka daɗe suna tanadi,
ƙafafuna suka miƙe ban aike su ba.
Babin da ban kai ba
ya karanta kansa a jikina.

Sai fito.
Siriri, dogo, daga bayan kumfa,
numfashin da ta ɗaure a ƙasa ne ta kwance.
Ga hannu sama, ga katantanwa ya tafin hannu.
Doguwar jijiyar nan mai yawo daga wuya zuwa ciki
ta dafa zuciyata kamar uwa:
ya isa, zauna.
Na zauna. Gwiwoyina dai ba su ji da wuri ba,
wasiƙar tana cikin kogi tukuna.

Da rana, cikin da'irar duwatsun da ke tare iska,
matan suka kewaye wuta.
Kaka na rawar ɗari, haƙora na kaɗawa,
tsoka na hura nata murhun daga ciki.
Ta ɓare gasasshen dankali, ta ci rabi,
na san insulin ya riga ya fito ƙofa
yana nuna wa zaƙi masauki.

Na ce, Kaka, sunan abin daidaito,
jiki na riƙe kansa a mizani ɗaya.
Ta dube ni, gishiri ya bushe a girarta.
Ta ce, Miryong, kin taɓa ganin jirgin da ya tsaya cak?
Na gani, guda biyu.
Suna ƙasa, kifi na kwana a ciki.
Na sama kullum tangaɗi yake,
ya karkata, ya dawo.

Ta miƙo mini ɗaya rabin.
Yatsunta, da ɗazu suke fari fat,
sun fara ja daga farce.