Asusu a Yelwa

Ranar da ƙaurin banda ya tayar mini da zuciya,
ni da na girma cikin hayaƙinta,
na san an yi baƙo.
Ban gaya wa Mani ba tukuna.
Na bi ta layin masu tukwane
na sayo jan asusu mai ɗan tsukakken baki,
irin bakin da ke riƙe sirri.

Kai da ke ciki, ji yadda muka fara:
ɗari biyu, ribar tarwaɗa uku,
na murza ta siririya, na tura.
Ko motsi ba ta yi ba.
Kuɗin takarda ba su da murya,
sai dai mai su ta riƙa tuna musu.

Kwaɗayi ya ce kilishi,
na miƙa masa ƙuli-ƙuli.
Ya ce lemon kwalba mai raɓa,
na jiƙa masa tsamiya.
Ya yi fushi, ya gaji, ya kwanta.

Wurin Kulu uwar adashi
na roƙi Tumba mu yi musayar kwasa:
ta ɗauka da wuri, don rufin ɗakinta na yoyo,
ni a bar ni can ƙarshe,
inda watanka zai tsaya.

Malama Rifkatu ta wurin awo
ta rubuta mini a bayan kati:
auduga, safar hannu, sabulu, reza,
da kuɗin jini, ko da Allah ya sa ba a nema ba.
"Ware na kabu-kabu daban," in ji ta,
"naƙuda ba ta san dare ba."
Itacen wanka kuwa ɗauri-ɗauri na tara
tun bai ji ƙamshin damina ya yi tsada ba.

A wata na shida injin jirgi ya mutu
a tsakiyar Kwara.
Mani ya dawo da filafili a kafaɗa,
ya zauna, ya dubi ƙasan gado,
ya kau da kai.
Bai tambaya ba. Shi ya fi ciwo.
Ban fasa ba.
Na zaro tsinken tsintsiya,
matar masunci na su a bakin asusu,
ina kamo su ɗaya-ɗaya
har na bakanike ya cika.
Tun daga ranar, in ya dawo daga ruwa,
kafin ya wanke ƙarni
sai ya durƙusa ya ciyar da jan baki.

Sai ranar hoto.
Malama ta shafa mai sanyi, ta zuba wa allo ido,
ta ce, "Baraka, zannuwan goyo nawa kika saya?"
Na ce biyu.
Ta ce, "To, ba wanda zai jira wanki."
Kai biyu. Zuciya biyu.
Na yi dariya har bakin titi,
kukan sai da na kai gida.

Ashe duk zancen nan da mutum biyu nake yi.

Na buɗe akwati, na fid da atamfar da ban ɗinka ba,
ta koma kasuwa.
Tsofaffin zannuwa na yayyaga, na dafa, na shanya.
Mani ya saki mai shayi.
Rago ɗaya na ɗaure a gindin darbejiya,
na biyun yana hannun Allah
da kuma bakin tarun Mani.

Daren jiya na jawo asusun, na ɗora a cinya,
na auna shi da ciki.
Kun rinjaye shi, nesa ba kusa ba.

To, ga roƙo, 'yan biyu:
saura kwana goma sha ɗaya kwasa.
Ku zauna. Waje ba ya gudu.

Ɗaya ya yi shiru.
Ɗayan ya harbe ni a haƙarƙari.