Abin da Na'urar Lantana Ta Riƙe

Asuba a Hull ba ta da ladan,
sai kukan tsuntsayen teku a rufin maƙwabta
da gurnanin motar shara.
Na wanke hannu da ruwan ɗumi,
na zauna kan kujerar kicin, mai ɗingishin nan
da na shekara shida ina cewa zan gyara.

Wata uku ke nan da likita ya ce ni ma na shiga sahu.
Ciwon suga.
Suka ba ni sabuwar na'ura a kwali,
tana can kan firji, ko ledar ban ɓare ba.
Ta Lantana na lalubo
a ƙarƙashin takardun wuta da na ruwa,
cikin 'yar baƙar jakarta mai zif ɗin da ke cijewa,
har yau da ƙanshin man kaɗanya.

Na sa mata batir. Ta farka.
Ashe ba ta manta kome ba.

Ina danna baya, lambobi na zubowa
kamar carbin da zarensa ya tsinke.

Shida da ɗigo ɗaya. Wata Talata.
Ba abin da ya faru, ranar Allah ce kawai.

Sha huɗu da ɗigo bakwai.
Ranar da Zulai ta karɓi digiri a Leeds.
Ta ce yanka ɗaya na kek ta ci.
Ni biyu na gani, na mai da ido kan taga.

Uku da ɗigo huɗu, ƙarfe biyun dare.
Jikinta na ɓari kamar mazari,
ni ga dabino, ga lemon kwali, ina ta "sha, sha mana,"
ita kuwa faɗa take
wai na ɓata mata zanin gado.

Sha biyu. Sha uku. Sha biyu.
Makon da aka bugo daga Malumfashi
cewa Yaya Barau ya cika,
mu kuma kuɗin jirgi ya gagara.
Ko loma ba ta iya haɗiyewa,
amma jini ya yi ta hawa.
Ban san baƙin ciki na da zaƙi ba sai a lokacin.

Sai ta ƙarshe.
Tara ga Nuwamba, bakwai saura kwata na safe:
shida da ɗigo takwas.
Lamba lafiyayya, wadda nas za ta yaba.
Zuciya ce ta yanke hukunci da la'asar,
ba ta nemi shawarar na'ura ba.

Na sa sabuwar allura.
"Gefen yatsa, Malam, ba tsakiya ba,
tsakiya ta masu son wahala ce."
Ƙyas.
Ɗigo ya fito, bai kai ƙwayar dawa ba,
'yar takardar ta tsotse shi.
Biyar, huɗu, uku,
ina jira kamar mai jiran alƙali ya ɗago kai.

Takwas da ɗigo tara.

Ta je ta zauna daf da tata.
Na'ura ba ta san hannu ya canza ba,
a wurinta mutum ɗaya ne
ya yi doguwar tafiya, ya dawo.

Zulai ta ce a waya, "Baba, wannan ta tsufa,
ƙila ma ƙarya take maka. Buɗe sabuwar."
Gaskiya ta faɗa.
Na ce mata gobe.

Butar shayi ta tafasa.
Na sauko da kofi biyu, na mayar da ɗaya.